Dodanni masu rikiɗa a wasan labari na kan tebur

Dodanni masu rikiɗa su ne halittun da ke sauya kama, su koma mutum ko dabba ko ma akwati, a irin wasan nan da mutum huɗu ko biyar za su zauna, ɗaya yana jan labari sauran kuma kowa da jarumin da yake riƙe, ana jefa ɗan lido a ga wa ya dace. Wanda ya fi suna a ciki shi ne Dungeons & Dragons da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974.

Asali

Tun bugun farko akwai mutanen da ke komawa kyarkeci, aladen daji, damisar Indiya da beyar, galibi an kwaso su ne daga camfin Turawa da finafinan tsoro, shi ya sa makamin azurfa ke cin su kuma wanda suka ciza shi ma ya ɗauka. A 1975 littafin Greyhawk ya ƙaro mutum-ɓera da doppelganger, mai satar kamannin mutum ya zauna a gurbinsa. Rakshasa na almarar Indiya shi ma wajen ƙarshen shekarar ya bayyana, sai mimic a littafin dodanni na Monster Manual na 1977, wannan kam akwatin dukiya yake zama ya yi lamo, kana kai hannu ka manne.

Wanda ya fi kusa da mu nan Saudiyya shi ne ghul. A labaran Larabawan da, aljana ce ta sahara da ke fitowa matafiyi da siffar mace ta ɓatar da shi hanya, sai dai duk rikiɗar da za ta yi kofaton jaki na nan a ƙafarta, kuma wai sara ɗaya ake mata, ka ƙara na biyu ta tashi. Ana yawan cewa fassarar Dare Dubu da Ɗaya da Antoine Galland ya fara fitarwa da Faransanci a 1704 ita ta sa Turawa suka san ghul a matsayin mai tone kabari yana cin gawa, to wannan ɗin ne ya shiga wasan tun farko, ba ya rikiɗa ko kaɗan. Sai a 1992 da kamfanin TSR, mai buga wasan a lokacin, ya fitar da Al-Qadim, duniyar wasa da aka gina kan almarar Larabawa, aka dawo da ta asali da kofatonta da doguwar rigar da take ɓoye shi, har da mutum-kura a ciki. Bahaushe dai ba baƙo ba ne a nan, wanda ya taso Makka ko Jidda a gidan da kaka ke tatsuniya ya ji ta ɓaunar da ta zama budurwa ta auri maharbi don ta ji sirrinsa, a Habasha kuma maƙera ake zargi da zama kura, suna ce musu buda, irin wannan zance akwai shi a yammacin Sudan ma.

Yadda ake jan su

Wahalar tana kan mai jan labari, tunda shi kaɗai ya san cewa mai masaukin da ke zuba wa jarumai shayi ba shi ba ne. In ya ɓoye komai sai kawai wuƙa a baya, 'yan wasa za su ce an cuce su, kuma da gaskiyarsu. Shi ya sa gwanaye ke barin alama irin kofaton nan: mutumin da jiya bahago ne yau yana ci da dama, karensa na masa haushi, ya san sunan matarsa amma ya manta labarin da suka yi shekaranjiya. Wannan na ƙarshe ya dace da doka, domin a bugu na 5 na wasan, na 2014, doppelganger abin da ke saman zuciyarka a lokacin kawai yake karantawa, tsohon tarihi bai isa gare shi ba. Rakshasa kuwa tafin hannunsa a juye yake in ya koma siffarsa. Akwai kuma sihirin gani na gaskiya mai tona ainihin siffarsu, da sihirin hasken wata mai tilasta musu komawa ainihinsu, in an kashe su ma gawar takan koma.

Illarsa ita ce in aka yawaita, tebur ya lalace da zargi, a riƙa zungurar kowane akwati da sanda ana titsiye kowane baƙo, wasan awa uku ya ƙare ba a bar ƙofar gari ba. Wasu kan haɗa baki da ɗan wasa ɗaya a asirce ya riƙe dodon a madadin jaruminsa, yana daɗi sosai amma ya kan jawo rigima tsakanin abokai.

A hannun 'yan wasa

Wasan Werewolf: The Apocalypse na 1992 ya mai da mai rikiɗar jarumi, duniyar wasa ta Eberron ta Keith Baker a 2004 ta kawo jinsin changeling, masu sauya kama da ɗan wasa zai iya riƙewa.

Taƙaddama

A shekarun 1980 wasu ƙungiyoyin Kirista a Amurka sun zargi wasan da koyar da tsafi. A nan kuma maganar ta fi karkata ga ɗan lido saboda hadisin da ya hana nardu, wani wasan ɗan lido na da, da ambaton sihiri da aljanu, malamai da yawa sun hana, wasu masu wasan kan koma amfani da kati ko manhajar waya.