Fargaba da Lafiyar Ƙwaƙwalwa a Aikin Lauya

Fargaba a aikin lauya yanayi ne na zullumi da zaman ɗar-ɗar mai ɗorewa da ke samun lauyoyi, alƙalai da ɗaliban shari'a saboda irin aikinsu. Ba ita ce faɗuwar gaban da ke kama mutum kafin ya miƙe gaban alƙali ba. Wannan takan wuce da zarar kotu ta tashi. Wadda ake magana a kai tana bin mutum har gida, ta hana shi barci, ta haɗa shi da bugun zuciya, ciwon kai, saurin fushi da kasa tattara hankali wuri guda. Likitoci kan ɗauke ta a matsayin ciwo idan ta kai wata shida tana damun mutum a yawancin kwanaki har tana taɓa masa aiki da zaman iyali. Sau da yawa tana tafiya tare da ciwon damuwa da shaye-shaye.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 1990 masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka kwatanta sana'o'i fiye da 100, suka gano cewa haɗarin ciwon damuwa ga lauya ya ninka na sauran ma'aikata sau 3.6. Bincike mafi girma ya zo a 2016, lokacin da Ƙungiyar Lauyoyin Amurka da Gidauniyar Hazelden Betty Ford, mai jinyar masu shaye-shaye, suka tambayi lauyoyi 12,825. Kashi 28 cikin ɗari sun nuna alamun ciwon damuwa, kashi 19 alamun fargaba, kusan kashi 21 kuma suna shan barasa ta hanyar da ke cutarwa. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne matsalar ta fi tsanani a wurin matasa, waɗanda ba su wuce shekara goma a aiki ba, alhali an ɗauka tsofaffin hannu ne gajiya ke cinyewa. A Birtaniya, binciken 2021 na LawCare, ƙungiyar agaji mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwar masu aikin shari'a, ya nuna kashi 69 cikin ɗari na waɗanda suka amsa sun yi fama da matsalar ƙwaƙwalwa a cikin wata 12 kafin binciken.

Tun daga makaranta abin ke somawa. Wani bincike na 1986 a Jami'ar Arizona ya nuna ɗalibai na shiga karatun shari'a da lafiyarsu kamar ta kowa, amma kafin su fita alamun damuwa sun hau sosai.

Tushen matsalar

Babban tushen yana cikin sana'ar kanta. Ana horar da lauya ya hango mugun abu tun bai faru ba: inda yarjejeniya za ta ɓaci, inda shaida zai yi tuntuɓe, ƙofar da abokin hamayya zai bi ya shigo. Masanin halayyar ɗan Adam Martin Seligman ya lura cewa wannan hangen na sharri, wanda ke jawo koma-baya a yawancin sana'o'i, a aikin lauya riba ne. Sai dai hali zanen dutse ne, ba a tuɓe shi tare da rigar kotu. Lauyan da ya wuni yana neman kuskure a takardun wasu, shi ne zai farka ƙarfe uku na dare yana ƙirga kwanaki da yatsu, ko wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce bai shigar ba. Ya san kwana ɗaya kacal na iya jawo a kori ƙarar, kuma gidan wani ko 'yancinsa ne ke rataye a kanta.

Sai kuma tsarin biyan kuɗi da awa. A manyan kamfanonin lauyoyi ana yanka awa gida goma, kowane minti shida sai an rubuta wa aka yi wa aiki a cikinsa. Ana sa ran mutum ya tara awa 1,800 zuwa 2,000 ko fiye a shekara, ban da lokacin da ba a cajin kowa. Wanda ya saba da haka yakan fara ganin cin abinci da hira da 'ya'yansa a matsayin asara, kuma wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce ga zuciya.

Lauyoyin da ke riƙe da shari'ar kisa, fyaɗe, rikicin aure ko neman mafaka suna da nasu nauyin daban. Kullum suna duba hotunan gawa da sauraron bayanan azaba, har abin ya zauna musu a rai kamar su ya faru da su. Amanar sirrin wanda suke wakilta kuma ta hana su sauke nauyin ko a gaban iyalinsu.

Shiru da tsoron tonon asiri

Abin da ya fi ɓata lamarin shi ne ɓoyewa. A binciken Ƙungiyar Lauyoyi ta Duniya na 2021, wanda mutum fiye da 3,000 suka amsa, kashi 41 cikin ɗari sun ce ba za su gaya wa shugabanninsu halin da suke ciki ba, don gudun kada ya taɓa musu ci gaba. Tsoron yana da dalili. Shekara da shekaru jihohi da dama a Amurka suna tambayar mai neman lasisin lauya ko ya taɓa jinyar ƙwaƙwalwa, abin da ya sa ɗalibai ke guje wa likita tun suna makaranta. Hukunta mutum saboda ya nemi magani zalunci ne, kuma bai kare kowa ba. Jihar New York ta cire wannan tambaya a 2020, wasu jihohin ma sun cire.

Magani da gyara

Fargaba na jin magani. Ana amfani da zaman tattaunawa da ƙwararre don gyara salon tunani, da magunguna idan likita ya ga dacewar haka. LawCare, wadda aka kafa a 1997, tana da layin waya na sirri, jihohin Amurka kuma suna da shirye-shiryen taimakon lauyoyi. Rahoton 2017 na kwamitin ƙasa na Amurka kan walwalar lauyoyi ya ɗora alhakin gyara a wuyan kamfanoni, makarantu da kotuna, bai bar wa lauya shi kaɗai ba. Binciken Lawrence Krieger da Kennon Sheldon na 2015 kan lauyoyi sama da 6,000 ya nuna inda gyaran ya kamata ya dosa: 'yancin tsara aiki, jin ƙwarewa da kyakkyawar alaƙa da abokan aiki sun fi albashi da sakamakon jarrabawa tasiri a kan kwanciyar hankali. A binciken, lauyoyin da ke yi wa jama'a hidima kan albashi kaɗan sun fi takwarorinsu na manyan kamfanoni jin daɗin rayuwa, kuma sun fi su ƙarancin shan barasa.