Manufar Karatu da Tasirinta ga Hankali da Tunawa

Manufar karatu ita ce dalilin da ya sa mutum ya ɗauki rubutu: jarrabawa, neman wani bayani, ko nishaɗi kawai. Wannan dalili, ko umarnin da malami ya bayar, shi ke zaɓar inda ido zai tsaya da abin da zai zauna a kai bayan an rufe littafi.

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Pichert da Anderson a Amurka a 1977. An ba ɗalibai labarin yara biyu da suka gudu daga makaranta suka tafi gidan ɗayansu. Wasu aka ce su karanta a matsayin masu son sayen gidan, wasu a matsayin ɓarayi. Masu saye sun fi riƙe rufin da ke yoyo. Ɓarayin kuwa talabijin da ƙofar da ba a kullewa. A 1978 aka sauya wa masu karatu matsayi bayan sun gama, sai ga shi sun tuno abubuwan da suka tsallake a karon farko. Ashe wani bayanin yana nan a ajiye, tambayar da za ta zaƙulo shi ce babu.

Lokacin ba da umarni ma na da muhimmanci. Bransford da Johnson a 1972 sun karanta wa mutane wani sakin layi mai duhu kan wankin kaya. Waɗanda aka gaya wa batun tun farko sun tuna kusan ninki biyu. Faɗinsa bayan an gama bai amfana komai ba. Na'urar bin motsin ido ta kuma nuna mai karatu na daɗewa a kan jimlolin da suka shafi manufarsa.

Matsalar tana ga tambaya mai ƙunci. Ɗalibin sakandare a Jos da ke shirin WAEC kan fara duba tambayoyi, sannan ya shiga farautar amsa. Zai samo ta, amma zaren labarin ya kuɓuce masa, kuma a sashen jarrabawar da ake neman a taƙaita rubutu abin ke bayyana. Binciken Rothkopf na 1966 ya nuna tambayoyin da ake sakawa bayan kowane sashe sun fi waɗanda ake sakawa kafinsa sa a riƙe har abin da ba a tambaya ba. Shi ya sa ya fi kyau malami ya ba da tambaya ɗaya mai faɗi, irin "me ya jawo haka?", kafin a fara, ya ajiye ƙananan sai ƙarshen sashe, a amsa su littafi a rufe.