Waiwaye: Yadda Mujallun Bincike Suka Koyi Janye Abin da Suka Buga

Mujallar bincike ba jarida ba ce. Abin da aka buga a cikinta shi likita ke dogara da shi wajen rubuta magani, shi ɗalibi ke ɗora digirinsa a kai, wani lokaci ma da shi gwamnati ke kafa doka. Shi ya sa idan ƙarya ta shiga cikinta, ɓarnar ba ta tsayawa a kan takarda.

Tun 1665 ake buga irin waɗannan mujallu, lokacin da Henry Oldenburg ya fara fitar da Philosophical Transactions a Landan. An daɗe ana tafiya a kan amana kawai: masani ya kawo, edita ya karɓa. Tura maƙala ga wasu masana su tantance kafin a buga bai zama al'adar kowa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1978 wasu editocin mujallun likitanci suka zauna a Vancouver ta Kanada suka tsara ƙa'idojin da marubuci zai cika. A 1997 kuma aka kafa kwamitin COPE a Birtaniya, domin editoci su riƙa shawara kan satar fasaha, ƙirƙirar alkaluma, da sanya sunan wanda bai taɓuka komai ba a jerin marubuta.

Shekara ɗaya da kafa kwamitin sai ga jarrabawa. A watan Fabrairun 1998 mujallar Lancet, wadda editanta Richard Horton yana cikin waɗanda suka kafa COPE, ta buga maƙalar likita Andrew Wakefield da abokan aikinsa goma sha biyu. Yara 12 kacal suka duba, amma maƙalar ta nuna kamar akwai alaƙa tsakanin lalurar otizim, wadda ke shafar maganar yaro da cuɗanyarsa da mutane, da allurar rigakafin MMR, mai kare yara daga ƙyanda da hangum. Iyaye suka tsorata. Yawan yaran da ake yi wa allurar a Ingila ya sauko daga sama da kashi 90 cikin ɗari zuwa kusan kashi 80, ƙyanda ta dawo.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba editoci ba ne suka tono asirin, ɗan jarida ne. Brian Deer na jaridar Sunday Times ya bayyana a 2004 cewa Wakefield ya karɓi kuɗi ta hannun lauyoyin da ke shirin kai ƙarar kamfanonin da ke yin allurar, kuma bai faɗa wa masu karatu ba. Goma daga cikin marubutan suka nesanta kansu da fassarar sakamakon. Duk da haka maƙalar ta ci gaba da zama daram. Sai a Fabrairun 2010, bayan hukumar kula da aikin likitoci ta Birtaniya ta same shi da rashin gaskiya, Lancet ta janye ta gaba ɗaya, a watan Mayu kuma aka soke lasisinsa. Shekara 12 ke nan. Yaron da aka hana allura a shekarar farko ya riga ya gama firamare kafin a gyara kuskuren. Wanda ya ga yadda jita-jita ta tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya san wuyar dawo da yardar iyaye idan ta tafi.

Daga nan matsalar ta sauya kama, ta koma kasuwanci. Da intanet ta zo, mujallu da dama suka koma karɓar kuɗi daga marubuci maimakon mai karatu, sai 'yan damfara suka buɗe nasu: biya, a buga. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya gwada su. Ya ƙirƙiri maƙalar bogi kan maganin sankara, cike da kurakurai, ya aika wa mujallu 304, guda 157 suka karɓa. Sunayen 'yan Afirka na ƙarya ya laƙaba wa maƙalar, abin da har yau bai yi mini daɗi ba, domin malamanmu na gaskiya su ke shan zargin da irin wannan ke jawowa.

Sannan aka sami masu rubuta maƙaloli kamar masana'anta suna sayar da gurbin suna. A 2023 kaɗai an janye maƙaloli fiye da 10,000 a duniya, sama da 8,000 daga cikinsu na kamfanin buga mujallu na Hindawi ne, wanda kamfanin Wiley ya saya a 2021, daga baya ya daina amfani da sunan.

A ganina tushen abin yana ofishin ƙarin girma. A jami'o'in Najeriya, kamar sauran wurare, malami ba ya hawa matakin farfesa sai ya tara adadin maƙaloli. Ga albashi ba ya isa, ga ɗakin gwaji babu kayan aiki, sai saƙo ya shigo masa ta imel daga wata mujalla da bai taɓa jin sunanta ba, ana yi masa alkawarin buga aikinsa cikin 'yan kwanaki idan ya biya da dala.