Laifin ƙiyayya

Laifin ƙiyayya shi ne laifin da doka ta riga ta haramta, kamar kisa, duka, ƙone-ƙone ko barazana, idan aka aikata shi ga mutum saboda addininsa, ƙabilarsa, launin fatarsa ko wata siffa da ta haɗa shi da wata al'umma. Sai abu biyu sun haɗu: aikin ya zama laifi ne a kan kansa, sannan a samu cewa asalin mutumin ne ya sa aka zaɓe shi. Mutum na iya ƙin maƙwabcinsa har abada bai taka doka ba. Haka ɓarawon da ya fasa shago a kasuwar Taminus ta Jos don kuɗi, ɓarawo ne kawai, ko da shi da mai shagon ba addininsu ɗaya ba.

Sunan na iya rikita mai karatu, domin galibi mai laifin bai taɓa ganin wanda ya cuta ba, balle wata gaba ta shiga tsakaninsu. Jama'ar da mutumin ya fito cikinta ake nufi, kuma da wani ɗan'uwansa ne ya biyo hanyar a wannan sa'a, shi abin zai faɗa wa. Shi ya sa ƙasashe da dama ke tsananta hukuncinsa: mutum ɗaya aka taɓa, amma duk danginsa sun kwana da fargaba.

Asali

Kalmar ta yaɗu ne a Amurka cikin shekarun 1980. A 1990 majalisar ƙasar ta yi dokar tattara alƙaluman irin waɗannan laifuka, a 1993 kuma Kotun Ƙoli ta amince a ƙara wa mai laifi hukunci idan ya zaɓi mutum saboda launin fata. A Ingila, kisan matashi baƙar fata Stephen Lawrence a Landan a 1993 ne ya kai ga rahoton Macpherson na 1999, wanda ya ce 'yan sanda su rubuta abu a matsayin wariya muddin wanda aka cuta ko wani ya ɗauke shi haka. Rubutawa daban, hukunci daban. Kotu sai da hujja.

Yadda ake gane shi

Niyya a zuci take, don haka alamu ake bi: abin da maharin ya furta lokacin da yake aikin, wurin da ya zaɓa, masallaci ne ko coci ko maƙabarta, ranar da ya zaɓa, da ko ya ɗauki wani abu. Idan aka ƙona shaguna uku a layi aka tsallake na huɗu, tsallakewar nan shaida ce.

Mutanen Jos sun san wannan ba daga littafi ba. A rikicin 7 ga Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, an sha ganin samari sun tare hanya suna leƙa motoci, suna duba sutura da gemu, tabon salla a goshi ko gicciye a wuya, sannan tambaya ta biyo: "Yaya sunanka?" Da yake a Filato sunaye irin su Ɗanjuma, Bala da Ladi na kowa ne, sai a ce mutum ya karanto Fatiha ko Addu'ar Ubangiji. Ɓangarorin biyu duk sun yi, kowa a unguwar da yake da rinjaye. Ranar 14 ga Agustan 2021 an tare matafiya Musulmi a hanyar Rukuba da ke Jos suna komawa jihar Ondo daga Bauchi, aka kashe fiye da 20. Bayan kwanaki aka afka wa Yelwan Zangam, ƙauyen Kiristoci, aka kashe mutane da dama.

Wasu kan ce rikicin Jos na ƙasa ne da siyasa, na takardar shaidar ɗan asali da kujerar shugaban ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ba na addini ba. Akwai gaskiya a ciki, sai dai ba ta kore komai. Dokar Ingila, alal misali, ta wadatu da cewa ƙiyayya na cikin dalilan, ko da ba ita kaɗai ba ce.

A dokar Najeriya

Najeriya ba ta da doka ta musamman kan laifin ƙiyayya. Wanda ya kashe mutum a shingen hanya, in ya shiga hannu, kisan kai ko ta'addanci ake tuhumarsa da shi. A bakin jama'a da hukuma kuwa sai a ce "rikici", kalmar da ke raba laifi ga kowa har a rasa mai shi. An kafa kwamitocin bincike, na Mai Shari'a Niki Tobi bayan 2001 da na Bola Ajibola bayan 2008, amma waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba.

Inda dokar ta fi yawa shi ne kan magana. Sashe na 417 na dokar Penal Code ta tarayya ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 3 ba ga mai cusa ƙiyayya tsakanin jama'a har ta yi barazana ga zaman lafiya. Sashe na 26 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi har shekara 5 ko tarar naira miliyan 10 ga mai zagi ko barazana ta kwamfuta saboda ƙabila ko addini. A 2019 Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kai ƙudurin da ya nemi a rataye wanda kalamansa suka jawo asarar rai. Aka yi masa ca, ƙudurin bai zama doka ba.

Muhawara a intanet

Rashin ladabi, kalaman ƙiyayya da tunzura jama'a ba abu ɗaya ba ne, ko da yake a Facebook akan cakuɗa su. Wanda ya ce wa abokin muhawara "kai jahili ne" ya yi rashin kunya, bai yi laifin ƙiyayya ba. Bafulatani da Babarbare, ko Bakano da Bazazzagi, kan yi wa juna tsiyar da baƙo zai ɗauka faɗa ne, alhali wasa ne na gado. A gefe guda, mutum na iya buɗewa da sallama, ya yi magana cikin natsuwa ba ashar ko ɗaya, ya ƙare da cewa a kori wata ƙabila daga gari. Kalmomi irin su "arne", "malo" da "nyamiri" suna tsakiya: nauyinsu ya danganta da bakin da suka fito da ranar da aka faɗe su. Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a birnin Rabat na Maroko a 2012 haka ya bi, yana duba yanayin gari, matsayin mai magana, niyyarsa, abin da ya faɗa, nisan da maganar ta kai, da yiwuwar ta jawo ɓarna.

Magana zarar bunu ce, hoto ma ya fi ta. A Yunin 2018, lokacin da aka kashe 'yan ƙabilar Berom da yawa a yankin Gashish na jihar Filato, an yaɗa hotunan gawarwaki a Facebook. Binciken BBC ya gano cewa wani bidiyon a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Ranar 24 ga watan aka tare hanya, aka fito da mutum 11 daga motoci aka kashe, kuma 'yan sandan Filato sun ce hotunan sun ƙara rura wutar.

Mai da ladabi ya zama doka na da nasa haɗarin. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya haramta har saƙon da zai ɓata wa wani rai, kuma da shi aka riƙa kama 'yan jarida da masu sukar gwamnoni. Kotun ECOWAS da ke Abuja ta ce a 2020 sashen ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, aka yi masa gyara a 2024.