Daga Ruwan Bagaja zuwa littafin waya: inda zaren ya tsinke

Duk sanda maganar littattafan Hausa ta taso a majalisarmu ta Ƙofar Marusa, sai wuri ya rabu biyu. Dattawa su ce tun bayan su Abubakar Imam ba a sake rubuta abin kirki ba. Matasa su ce labaran da suke karantawa a WhatsApp da Wattpad su ne suka san halin da suke ciki. Na karanta na da, ina karanta na yanzu, kuma abin da ke ci mini rai shi ne yadda ake magana kamar dare ɗaya aka wayi gari a haka.

Farkon labarin kowa ya sani. A gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933 da wani Bature, Rupert East, ya shirya daga Zariya, Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta nan Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja, yayansa Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki. Magana Jari Ce ya biyo baya a 1937. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, kowane ɗayansu sai da ya bi ta hannun mai gyara, aka tace shi, aka daidaita ƙa'idar rubutu kafin ya shiga inji.

Wannan ƙofa ba ta rufe da wuri ba. A 1980 an buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, duka ta hanyar gasa. Soyayya ce a cikinsu, kuma tatacciya. Ke nan masu cewa soyayya ce ta ɓata adabinmu su sake duba lissafinsu.

A ganina zaren ya tsinke ne tsakanin 1976 da 1986. A 1976 aka fara shirin ilimin firamare kyauta na UPE, yara maza da mata suka cika azuzuwa har ƙauyuka. Shekara goma bayan haka waɗannan yaran sun zama samari da 'yan mata, sun iya karatun Hausar boko, suna ƙishirwar abin karantawa. A daidai lokacin darajar naira ta faɗi, takarda da tawada, waɗanda yawanci daga waje ake shigo da su, suka yi tsadar da buga ƙagaggen labari ya daina biyan kuɗinsa. Masu karatu sun ninka, hanyar kai musu tataccen littafi ta ƙuntata. Sai marubuci ya ɗauki rubutunsa ya nufi ƙaramar maɗaba'a da kuɗin aljihunsa. Shi ne marubuci, shi ne mai gyara, shi ne dillali. Daga nan aka samu abin da ake kira Adabin Kasuwar Kano. Raba littafi kashi ɗaya, na biyu, na uku ma dabarar kuɗi ce: cinikin na farko ke buga na biyu.

Ni na ga wannan da idona. Yayata takan aike ni wajen mai hayar littattafai a bakin kasuwa, tana cewa, "Maza ka amso mini na biyu kafin wata ta riga ni." Bangon ya sha selotef, gefen shafuka ya yi baƙi saboda hannuwa. A ciki akan haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ƙugiyar ƙ da ɗ ta ɓace, amma labarin kishiya da auren dole da ke ciki na gidajen unguwarmu ne, ita kuwa ba ta ajiye shi sai fitila ta ƙare.

Waya ta zo ta tarar da wannan giɓin, ta ƙara faɗaɗa shi. Ɗiyar ƙanwata tana rubuta labari, kullum bayan isha'i take sakin shafi ga masu jiranta. Na karanta, akwai basira, hirar mutanenta kamar kana zaune a tsakar gida. Na tambaye ta wa yake duba mata kafin ta saki. Ta ɗago kai daga wayar ta ce, "Kawu, wa zan kai ma wa?"