Waiwaye: Yadda ƙarancin kuɗi ya daɗe yana ɗaure hannun ofishin sa ido kan masu kamun ƙafa a Kanada

A Ottawa, babban birnin Kanada, akwai wani ƙaramin ofishi da doka ta ɗora wa nauyin sanin duk wanda ake biya domin ya je ya shawo kan ministoci da 'yan majalisa da manyan jami'an gwamnati su gyara wata doka, ko su ba da tallafi, ko su karkata wata manufa zuwa inda wanda ya aiko shi yake so. Shi ne Ofishin Kwamishinan Harkokin Kamun Ƙafa, kuma tun da aka kafa shi a 2008 yake fama da matsala guda wadda sauyin gwamnatoci bai raba shi da ita ba. An ba shi 'yancin binciken masu shiga da fita ofisoshin masu mulki, har da tsofaffin ministoci da hadimansu, amma kuɗin da zai yi aikin da shi ba ya ƙaruwa sai masu mulkin sun ga dama.

Maganar ta samo asali ne a zamanin Firaminista Brian Mulroney, wanda ya hau mulki a 1984. Ba a daɗe ba aka fara guna-guni cewa abokansa na siyasa sun buɗe kamfanonin da ba su da wata haja sai kusancinsu da gwamnati, kuma sunan da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne na Frank Moores, tsohon firimiyan lardin Newfoundland. Majalisa ta zartar da dokar rajistar masu kamun ƙafa a 1988, ta kuma fara aiki ranar 30 ga Satumba, 1989. Dokar ba ta nemi abu mai yawa ba, illa mutum ya rubuta sunansa da na wanda yake yi wa aiki da abin da yake nema, kuma mai riƙe da rajistar ma'aikacin gwamnati ne a cikin wata ma'aikata, wanda minista ke sama da shi.

Gwamnatin Jean Chrétien ta yi ƙoƙarin ƙara wa tsarin nauyi. A 1994 ta naɗa Howard Wilson mai ba da shawara kan ɗa'ar ma'aikata, aka kuma damƙa masa ƙa'idojin halayyar masu kamun ƙafa waɗanda suka fara aiki a watan Maris na 1997. Sai dai firaminista ne ya naɗa shi, kuma gabansa yake kai rahoto a kan mafi yawan aikinsa. Ƙungiyar Democracy Watch, mai fafutukar riƙon amana a harkar mulki, ta kai ƙara a kan haka, a 2004 kuma Kotun Tarayya ta amince da ita cewa yadda aka gina ofishin ya sa ba za a iya ɗaukarsa a matsayin mai zaman kansa ba.

A wannan shekarar ce abin kunyar nan na kuɗin tallata gwamnatin tarayya a lardin Quebec ya fashe. Babbar mai binciken kuɗi ta ƙasa, Sheila Fraser, ta bayyana a watan Fabrairun 2004 cewa daga cikin kimanin dala miliyan 250 na Kanada da aka kashe a shirin, fiye da miliyan 100 sun tafi aljihun kamfanonin talla da sunan lada da kamasho. Hukumar bincike ta Mai Shari'a John Gomery ta biyo baya, jam'iyyar Liberal mai mulki ta faɗi zaɓen Janairun 2006, Stephen Harper kuma ya hau da alkawarin tsaftace gwamnati. Babbar dokarsa ta riƙon amana ta samu sa hannu ranar 12 ga Disamba, 2006, kuma daga cikinta ne sabuwar dokar kamun ƙafa ta fito, ta fara aiki ranar 2 ga Yuli, 2008.

Abin da aka rubuta a takarda ya yi kyau ƙwarai. Kwamishina zai zama jami'in majalisa, wato mai sa ido da ke amsa wa majalisa ba gwamnati ba, ba za a naɗa shi ba sai an tuntuɓi shugabannin jam'iyyu kuma majalisun biyu sun amince, zai yi wa'adin shekara 7, kuma ba za a tsige shi ba sai da dalili da buƙatar majalisun. An hana manyan masu riƙe da muƙamai yin kamun ƙafa har shekara 5 bayan sun bar aiki. An kuma wajabta rahoton wata-wata: idan wakilin wani kamfanin haƙar ma'adinai ya shirya ganawa ko kiran waya da babban sakataren wata ma'aikata a watan Maris, to kafin 15 ga Afrilu dole ya shigar da sunan jami'in, da ranar, da batun da suka tattauna, a rajistar da kowa zai iya buɗewa a intanet kyauta. A 2010 aka faɗaɗa jerin jami'an da wannan sharaɗi ya shafa, ya haɗa da dukan 'yan majalisar wakilai da sanatoci, wato ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Karen Shepherd ce ta fara riƙe muƙamin, da farko a matsayin riƙon ƙwarya, sannan aka tabbatar da ita a 2009.

Abin da dokar ba ta taɓa ba shi ne hanyar samun kuɗi. Ofishin yana neman kasafinsa kamar yadda kowace ma'aikata take nema, ta hannun Hukumar Baitulmali, wadda kwamiti ce ta ministoci, kuma duk wani ƙarin da yake so sai ya shiga layin kasafin da ministan kuɗi ke tsarawa. Kowace shekara kwamishina yana bayyana gaban kwamitin majalisar wakilai mai kula da ɗa'a da 'yancin samun bayanai domin ya kare ƙiyasin kuɗinsa, amma bisa ƙa'idar majalisar, kwamiti yana iya amincewa da adadin da gwamnati ta kawo, ko ya rage shi, ko ya ƙi shi, ba shi da ikon ƙara ko sisi. Ke nan ko da dukan 'yan kwamitin sun gamsu cewa ofishin yana cikin matsi, iyakar abin da za su yi shi ne su ba da shawara, wuƙa da nama kuwa suna hannun ministoci. Abin lura shi ne ba haka ake yi wa kowa ba, domin kwamishinan da ke kula da ɗa'a da cin karon muradun 'yan siyasa yana miƙa ƙiyasinsa ne ga kakakin majalisa, shi kuma ya tura wa gwamnati ta saka a kasafi.

'Yan majalisa sun san da wannan giɓi tun kafin a haifi ofishin. A 2005 kwamitin ɗa'a ya fitar da rahoto yana neman sabuwar hanyar ba jami'an majalisa kuɗi, aka kuma kafa wani zauren ba da shawara na 'yan jam'iyyu daban-daban a ƙarƙashin kakaki, a matsayin gwaji, domin ya riƙa duba buƙatunsu kafin su isa Baitulmali. Ba a taɓa mayar da gwajin doka ba, bayan zaɓen 2011 kuma ya mutu ba tare da wani ya sanar da rasuwarsa ba.

Shekara 10 na farko sun wuce kasafin ofishin bai kai dala miliyan 5 ba, ma'aikatansa kuma ba su kai 30 ba, a gwamnatin da ke kashe ɗaruruwan biliyoyi kowace shekara. Ko wannan ɗan abin ma bai tsira ba. Kasafin 2010 ya daskarar da kuɗin gudanarwar ma'aikatu, abin da ke nufin duk ƙarin albashin da aka cimma da ƙungiyoyin ƙwadago sai kowane ofishi ya nemo shi daga cikin abin da ke hannunsa. A 2012 ministan kuɗi Jim Flaherty ya kawo shirin rage giɓin kasafi wanda ya shafe kimanin guraben aiki 19,200, ofishin kwamishina kuma ya rasa kashi 5 cikin 100 na kuɗinsa. Babbar ma'aikata tana iya haɗiye irin wannan ragi ta hanyar jinkirta wani gini ko rufe wani reshe, amma ofishin da mafi yawan kuɗinsa albashi ne ba shi da inda zai yanka. Shepherd ta zaɓi ta dakatar da aikin inganta manhajar rajistar, ta bar gyaran dole kawai, domin kada ta sallami masu bincike. A ganina zaɓin da ya fi dacewa ke nan a lokacin, amma rajistar ita ce ginshiƙin dokar baki ɗaya, kuma barinta ta tsufa bashi ne da aka tura wa shekaru masu zuwa. Har ayyukan yau da kullum irin su lissafin kuɗi da kula da ma'aikata da na'urorin kwamfuta, ofishin yana sayen su ne daga wasu hukumomin gwamnati, ciki har da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam da ofishin kwamishinan kare sirrin jama'a, saboda ba zai iya ɗaukar nasa mutanen ba.

Jam'iyyar Liberal ta Justin Trudeau ta yi alkawari a zaɓen 2015 cewa jami'an majalisa za su samu isassun kuɗi kuma majalisa kaɗai za su riƙa amsa wa. Nancy Bélanger, lauya wadda ta gaji Shepherd a ƙarshen 2017, ta tarar da kasafin kusan yadda yake tun farko. A 2019 ofishin babban mai binciken kuɗi, wanda ya ninka nata girma sau da yawa, ya shaida wa majalisa cewa ƙarancin kuɗi ya tilasta masa soke wasu bincike, jami'an majalisar kuma suka haɗu suna neman tsarin samun kuɗi wanda ba ya bi ta hannun gwamnatin da suke sa wa ido. Ofishin Bélanger ya samu ɗan ƙari daga 2021, kasafinsa ya kusanci dala miliyan 6, ma'aikata suka haura 30, amma hanyar ba ta sauya ba. A 2024 kwamishinar 'yancin samun bayanai, Caroline Maynard, ta fito fili ta ce ofishinta yana fuskantar giɓi saboda yadda Baitulmali ta lissafa kuɗin ƙarin albashi, wanda ya nuna cewa ciwon na gidan ne gaba ɗaya.

Aikin kuwa bai tsaya jira ba. Lokacin annobar korona, da gwamnati ta buɗe taskarta domin tallafa wa kamfanoni, rahotannin wata-wata sun yi tashin da ba a taɓa gani ba, a 'yan shekarun nan kuma suna haura 30,000 a shekara. Ofishin ba ya iya tantance su duka. Yana ɗibar kimanin kashi 5 cikin 100, ya rubuta wa jami'an da aka ambata yana tambayar ko ganawar ta faru yadda aka rubuta, sauran kuma sai a dogara da gaskiyar wanda ya shigar. Duk da haka amfanin rajistar ya bayyana a 2019, lokacin da rikicin kamfanin injiniya na SNC-Lavalin ya girgiza gwamnatin Trudeau: daga cikinta 'yan jarida suka zaƙulo gomman ganawar da kamfanin ya yi da jami'ai, har da na ofishin firaminista, yayin da yake neman a sasanta tuhumar cin hanci da ake yi masa ba tare da shari'a ba.

Raunin dokar yana ƙara wa ƙarancin kuɗin nauyi. Kwamishina ba ta da ikon cin tara da kanta, alhali takwarorinta na lardunan British Columbia da Alberta suna da shi. Idan ta samu dalilin gaskata cewa an karya doka, dole ta dakatar da bincikenta ta miƙa fayil ga 'yan sanda, galibi rundunar tarayya ta RCMP, ta zauna jira, wani lokaci na shekaru, kuma sau da yawa fayil ɗin yakan dawo ba tare da an tuhumi kowa ba. Watannin da masu bincikenta ƙalilan suka ɓata a kai sun tafi ke nan. Dokar ta tanadi tara har dala 200,000 da ɗaurin shekara 2, amma sai a 2013, shekara 24 bayan dokar farko ta fara aiki, aka samu mutum na farko da laifi, aka ci shi tarar dala 7,500. Dokar ta kuma umarci majalisa ta riƙa bitarta kowace shekara 5. An yi bitar a 2012, sannan fiye da shekara 10 suka shuɗe ba a sake ba, duk da shawarwarin gyara da Bélanger ta miƙa a 2021, waɗanda suka haɗa da neman ikon cin tara.

Akwai masu cewa a ɗora wa masu kamun ƙafa kuɗin rajista kamar yadda ake yi a Birtaniya a ƙarƙashin dokar 2014. Ban gamsu da wannan ba, domin rajistar Kanada ta ƙunshi ƙananan ƙungiyoyin agaji da na manoma da jami'o'i, ba manyan kamfanoni kaɗai ba, kuma kuɗin shiga zai ba mutane ƙarin dalilin ƙin bayyana kansu. Adadin da ake magana a kai bai kai ya dami baitulmalin ƙasa irin Kanada ba, saboda haka batun bai taɓa zama na rashin hali ba. Abin da ya kamata a gyara shi ne wanda ke yanke adadin.

An sake naɗa Bélanger wa'adi na biyu a ƙarshen 2024, kuma tun da majalisa ba ta gyara dokar ba, sai ta yi amfani da ikon da take da shi na fassara ta. A da, kamfani ko ƙungiya ba sa rajista sai kamun ƙafar da ma'aikatansu ke yi ya kai kashi 20 cikin 100 na aikin mutum ɗaya, wato kimanin awa 32 a wata, kuma da yawa sun fake da wannan. A 2025 ta sanar da rage ma'aunin zuwa awa 8 cikin mako 4, daga ranar 19 ga Janairu, 2026. Matakin zai shigo da ƙungiyoyin da ba su taɓa rajista ba, kowacce da tambayoyinta da rahotanninta na wata-wata, kuma ma'aikatan nan 30 da 'yan kai ne za su karɓe su, da kasafin da har yanzu sai ya bi ta teburin ministoci.