Tsohuwar Game Boy ta ƙi kunnuwa: daga ina za a fara?

Game Boy ta farko, na'urar wasan bidiyo ta riƙewa a hannu mai launin toka wadda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1989, ta haura shekara 30, amma tana da taurin rai. Da yawa daga cikin waɗanda ake cewa sun mutu datti ne kawai ya tare wa wuta hanya.

Na tura makunni, ko motsi ba ta yi. Me zan fara dubawa?

Batir, ko da kana ganin ka riga ka duba. Tana cin AA guda 4, wato bolt 6, kuma ɗaya kacal ya zauna a juye shi ke nan. Sa sababbi duka, kada ka haɗa da waɗanda ka ciro daga rimot. Sannan kalli ɗan jan fitilar da ke hagun allo. In ta kama, wuta ta shiga, matsalar tana gaba. In ba ta kama ba, murza batiran a mazauninsu da babban yatsa kana kallon fitilar. Da ta yi ƙyaftawa ko sau ɗaya, ka gano ɓarawon: ƙarafan da batir ke taɓawa ne.

Na ga wani farin gari kamar kanwa a kan sifirin ɗin. Mene ne?

Ruwan batir ne da ya tsiyaye ya bushe, saboda wani ya ajiye ta shekaru da batir a ciki. Wannan yana yawan kashe su. Batirin alkalin ruwansa ba asid ba ne, don haka abu mai tsami ke karya shi. Tsoma auduga a ruwan khal, ko ruwan lemun tsami in shi ke kusa, ka ɗiga a wurin. Za ka ga yana 'yar kumfa. Goge da tsohon buroshin haƙori, ka bi da sifirit mai ƙarfi don ya kwashe danshin, ka bar ta ta bushe sarai. In ƙarfen ya yi baƙi, ɗan goga samfefa mai laushi har ya yi haske. Kada ka taɓa garin sannan ka kai hannu ido.

Wani lokaci sifirin ya lanƙwashe ne kawai, bai kai ga batirin ba. Ɗan jawo shi a hankali.

Fitila ta kama, na ji "ting" ɗin da take yi in an kunna ta, amma allo fayau.

A nan mutane da yawa ke kwance na'urar a banza. Akwai ɗan gare-gare a gefen hagu mai daidaita duhun hoto, kishiyar na ƙarar sauti da ke dama. In an murza shi zuwa ƙarshe, allon zai zama fayau ko baƙi ƙirin. Murza shi tukuna. Kuma ka tuna allon ba shi da fitila a bayansa, sai ka fita inda haske yake.

Sunan Nintendo yana saukowa a dagule, ko kuma baƙin sanda kawai nake gani.

Wannan labari mai daɗi ne, don na'urar lafiya lau take. Tana karanta tambarin ne daga cikin kaset ɗin wasan da ake soka mata. Baƙin sanda na nufin ba ta ga kaset ba sam, dagulallen rubutu kuwa ta gani amma da ƙyar, kuma ba za ta wuce nan ba. Goge haƙoran kaset ɗin da auduga da sifirit. Hura masa iska da baki, da duk muka yi muna yara, danshi yake ƙarawa.

Tana aiki da adafta amma ba ta yi da batir.

Ramin adaftar yana da ɗan ƙarfe a ciki da ke yanke batir idan an soka fulogi. In ya yi datti ko ya maƙale, sai ta ɗauka adafta na ciki har yanzu. Ɗiga sifirit, soka ka zare sau da yawa. Hattara dai da soka kowace adafta don kawai bakinta ya shiga: bolt 6 take so, kuma tsakiyar fulogin nata negatif ne, saɓanin yawancin na kasuwa.

To yaushe zan buɗe ta?

Bayan duk waɗannan. Sukurori 6 ne, kuma a mafi yawansu kan sukurun mai fiffike uku ne, sai da sukudirebansa na musamman. Kada ka matsa masa da wuƙa ka cinye kan. Da ka raba ta biyu, yi a hankali, akwai faffadar waya mai laushi da ta haɗa gaba da baya. Wanke makunnin da sifirit kana kai shi da komowa, dattin makunni kuma shi ne ciwon Game Boy Color ta 1998 da Advance ta 2001. In har yanzu shiru, saura ƙaramin faifan lantarki na cikinta da ke rage wutar batir zuwa bolt 5. Wannan aikin mita da dalma ne, kai wa mai gyaran waya ko rediyo ya auna.